Maganin damina da gidajen da taswirarmu ta tsallake

16 ga Yuni

Na buɗe wannan littafi ne saboda abin da rahoton ƙarshen wata ba ya ɗauka. Rahoto yana tambayar yara nawa suka sha magani. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai tun bara shi ne yaran da ko lissafa su ba mu yi ba.

Ni ce mai kula da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a mazaɓarmu, can arewacin Jigawa, daf da iyakar Nijar. Mutanen gari maganin damina suke ce masa. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya duk bayan kwana 28, zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya fi yawa. Kowane zagaye shan kwana uku ne. Ranar farko ƙwaya biyu a gaban mai rabo, sauran ƙwaya biyun a bar wa uwa, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka a ƙasashen Sahel tun 2012, a Najeriya kuma aka fara da Katsina a 2013. Gwajin da aka yi kafin nan ya nuna yana kare yara daga kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da za su yi, idan an sha yadda ya kamata. Ga ƙasar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo a duniya ke cikinta, ba ƙaramin abu ba ne.

A watan Satumbar bara aka kawo mana wani yaro ɗan shekara biyu a kan amalanke daga wata ruga, yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat. Muka tura shi babban asibiti, bai kai ba. Allah ya sa mai ceto ne. Da na tambayi kakarsa katin maganin damina sai ta dube ni kawai, ba ta taɓa jin labarinsa ba. Na dawo na buɗe taswirar aikinmu, na ga ko alamar rugar babu. Alhali a rahotonmu na wannan watan mun rubuta cewa mun gama mazaɓa kaf.

Yau na zauna da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa da masu unguwanni uku, muka shimfiɗa taswirar a tabarma. Tambaya ɗaya na yi musu: wa ke kwana a ƙasarku wanda ba ya cikin takardar nan? Kafin la'asar mun ƙara ruga biyar, da bukkokin masu aikin fadama, da wani kango bayan tasha inda 'yan gudun hijira ke zaune, da rumfunan Buzaye masu gadi a bakin kasuwa. Duk masu unguwannin sun san da su. Ba a taɓa tambayarsu ba ne.

24 ga Yuni

An gama horon masu rabo. Ƙa'ida ita ce su tafi biyu-biyu, kuma su iya karatu da rubutun boko don cike kati da takardar ƙidaya. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya fitar da duk matan ruga daga lissafi. Na roƙi na sama da ni a bar ni in haɗa mai rubutu ɗaya da mai jin Fulatanci ɗaya a ƙungiyoyi biyu, ko da ta biyun ba ta iya riƙe alƙalami ba. An amince da ƙungiya ɗaya. Na karɓa, da babu gara ba daɗi.

Na kuma dage cewa kowace ƙungiya sai da mace. A unguwannin cikin gari namiji iyakarsa zaure, kuma maganin da aka miƙa wa yaro ya kai cikin gida ba wanda ya san inda ya ƙare.

3 ga Yuli

Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. A can na samu Ardo, don an ce mini idan na je ruga ba tare da izininsa ba, ruwa kawai za a ba ni in sha in juyo. Wani dillalin shanu da suka saba ne ya kai ni wurinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Ardo, maganar yara ce ta kawo ni."

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "'Yata, duk mai zuwa wurinmu da takarda da alƙalami, ƙirga ya zo yi. Mu kuma tun zamanin jangali ba mu ga alheri a ƙirga ba." Na ce masa ba ruwanmu da shanu, kuma katin yaro a hannun uwarsa zai zauna. Ya yi shiru, sannan da kansa ya ɗauko zancen bushiya, annobar da ta cinye shanu a 1983, yana saurayi. Ya ce ya ga garken da aka yi wa allura ya tsira, na maƙwabcinsu ya ƙare. Na gaya masa tun 2011 aka sanar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, kuma da allurar ne. Ya gyaɗa kai. Bafulatani ba ya bukatar a koya masa amfanin rigakafi, ya riga mu sani a kan dukiyarsa.

Ya ba ni sharaɗi biyu. Na farko, kada mu zo da rana. Da hantsi mata ke ɗaukar ƙwarya su tafi tallar nono, ba sa dawowa sai yamma, wanda ya zo da azahar tsofaffi da yara zai tarar. Mu zo da sassafe, lokacin tatsa. Na biyu, mace mai jin yarensu ta yi magana da matan. Ya ce akwai 'yar ƙaninsa da ta yi aure a gari, ita zai turo mana. A hanyar dawowa ina ta tunanin shekarun da aka yi ana aika masu rigakafi ruga da rana tsaka, su dawo su rubuta "ba a samu iyaye ba".

15 ga Yuli

Zagaye na farko ya ƙare yau, kwana huɗu ana yi. Ƙafafuna sun kumbura, amma dole in rubuta wannan kafin ya dusashe.

A rugar farko mun isa ana tatsa. 'Yar ɗan'uwan Ardo ta yi gaisuwa da Fulatanci, nan take fuskoki suka sake. Yara 11 suka sha. Wata matsala ta taso wadda ban taɓa kawowa a rai ba. Mai rubutu ta tambayi wata ƙaramar uwa sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai ta ƙi magana. Ta sake tambaya, matar ta tashi ta shige bukka. Har mai rubutun ta fara sa alamar "an ƙi", sai abokiyar tafiyarta ta riƙe mata hannu ta ce ɗan fari ne, kunya take, kakarsa za a tambaya. Mu Hausawa ma muna da wannan alkunya, amma da yake muna riƙe da takarda sai muka manta da ita. Kakar ta zo ta faɗi sunan, ta ɗora yaron a cinya, ita ta ba shi maganin. Na gaya wa duk ƙungiyoyi: idan uwa ta yi shiru a kan suna, a nemi kaka ko goggo.

Abu na biyu a cikin gari ya faru, a rana ta uku. Ina bin bayan wata ƙungiya ina duba alamar alli da suke yi a jikin ƙofa, sai na ga wani gida an sa masa alamar ba kowa, ga hayaƙi yana tashi daga ciki. Na yi sallama sau uku, shiru. Na ɗaga labulen buhu na shiga. Wata mata ce a gaban murhu ta ba ƙofa baya, tana tuƙa tuwo, ga yarinya 'yar kimanin shekara uku tana wasa da murfin kwano a tabarma. Sai da inuwata ta faɗa kan tukunyar ta waiwayo a firgice. Kurma ce.

Na tsaya riƙe da magani ban san ta inda zan fara ba. Kafin a ba yaro akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Yana zazzaɓi yanzu? Idan yana yi, ba a ba shi, gwaji ake tura shi. Ya sha irin wannan magani a cikin kwana 28 da suka wuce? Yana shan Septrin? Ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan magani irin wannan? Ko ɗaya ban iya tambaya ba. Wata yarinyar maƙwabta, ba ta fi shekara goma ba, ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ni na iya maganarta." Ta shigo, hannuwanta suka fara aiki, matar tana amsawa da sauri, har da dariya. Ta nan na ji cewa yarinyar lafiyarta ƙalau, kuma bara uwar ta ga ana shiga gidajen maƙwabta da kati, ta ɗauka wani abu ne na masu ji, ba nata ba.

Muka narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwa, yarinyar ta shanye. Muka zauna rabin awa muna jira, don idan yaro ya amayar a cikin wannan lokaci sai an sake ba shi. Da muka zo bayanin gobe da jibi, 'yar tafintar ta kwantar da kuncinta a tafin hannu sau ɗaya, ta nuna ƙwaya ɗaya, ta sake kwantarwa, ta nuna ta biyu. Uwar ta maimaita daidai. Da zan fita ta kamo hannuna ta nuna mini alamar allin da ke ƙofarta, tana tambayar me take nufi. Na goge ta da gefen mayafina na rubuta ta gaskiya.

Shekara uku yarinyar nan tana cikin gari, tafiyar minti goma daga asibitinmu. Mai shela yana bin layinsu da lasifika kafin kowane zagaye, ana sanarwa a masallaci, ana yi a rediyo. Duk hanyoyin sanarwarmu ta kunne suke bi.

22 ga Yuli

Na koma ruga biyu don in ga ko an sha na rana ta biyu da ta uku. A bukkoki huɗu na tarar da ƙwayoyin a ƙulle cikin tsumma, an soke a jinka. Iyayen sun ce ajiyewa suka yi sai yaro ya kamu da zazzaɓi. A wurinsu magani na mara lafiya ne, ba da shi ga yaro mai gudu da tsalle ɓarna ce. Ban ga laifinsu ba, mu ne muka yi bayani da gaggawa. Alhali idan ba a cika kwana ukun ba, kariyar ba ta cika.

'Yar ɗan'uwan Ardo ta ce in bar mata. Ta tara matan a gindin bishiya ta riƙa cewa "hannde, janngo, faɓɓi janngo", wato yau, gobe, jibi, tana tafa hannu, har suka mayar da shi waƙa suna amshi. Ta kwatanta musu da allurar shanu, wadda lafiyayyar dabba ake yi wa. Katinmu da Turanci yake, shi ma zan nemi izinin manna masa hoton rana uku a baya.

30 ga Yuli

Ashe kurame suna da majalisarsu a garin nan, bayan la'asar, a gefen shagon wani tela wanda shi ma kurma ne. Yau na je. Na tafi da wani saurayi da ya yi makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano, ina ganin an gama magana tunda na samu tafinta. A can na koyi abin da ban sani ba. Yaren hannun da ake koyarwa a makaranta daban yake da wanda manya ke yi a gari. Na makaranta tushensa daga na Amurka ne. Na gari kuwa, wanda ake kira maganar hannu, kurame ne ke koyonsa daga junansu tun kaka da kakanni, kuma masu ji da yawa a kasuwa da unguwa suna taɓa shi. Saurayin ya iya duka biyun, amma ya ce da na ɗauko tafinta daga birni wanda na makaranta kaɗai ya sani, da yawancin matan ba za su gane shi ba.

Telan ya lissafa mini gidaje bakwai da uwa ko uba kurma ne, kuma akwai ƙananan yara. Uku daga ciki an sa musu alamar ba kowa a zagayen farko. Ya kuma yi wani ƙorafi da ya dame ni. Ya ce matarsa ta daina zuwa awo saboda ana kiran suna da baki, ta wuni a benci ba ta san an wuce ta ba, in ta shiga kuma sai a yi magana da 'yar rakiyarta kamar ita ba ta wurin. Na yi masa alkawarin zan kai maganar ga mai kula da asibitinmu. Abin da ake bukata bai wuce a ba kowa lamba a takarda ba, a ɗaga ta sama in layi ya zo.

Mun shirya cewa kwana biyu kafin kowane zagaye saurayin zai bi gidajen nan bakwai ya sanar, ranar rabo kuma ya raka ƙungiyar. Babu kuɗinsa a kasafi. Kwamitin mazaɓa ya ce zai riƙa ba shi na mai.

12 ga Agusta

Zagaye na biyu. Ruwa ya cinye hanyar rugage biyu, babur ya kasa, muka ƙarasa da amalanke, magani a cikin leda a kan cinyata. An samu kowa. A rugar da aka yi waƙa, matan ne suka tarbe mu da "hannde, janngo".

Sarkin makafi ya aiko a kira ni, na je. Ya haɗa ni da wata makauniya mai yara biyu, ɗan wata takwas da 'yar shekara uku. Ta ce, "Malama, wancan watan an ba ni fakiti biyu, an ce wannan na ƙarami, wannan na babba, aka tafi. Da gari ya waye na kasa rabewa, na ji tsoro, ban ba kowa ba." Tsoronta yana kan hanya, domin na 'yan ƙasa da shekara ɗaya rabin ƙarfin na manyan ne, kuma mu da ido muke bambanta su. Na zare zare daga bakin zanena na ɗaure a fakitin jaririn. Ta shafa, ta shafa ɗayan, ta ce shi ke nan. Na sayi ƙullin zare na raba wa ƙungiyoyi, kuma na ce ko uwa mai gani ce, in tana da yara biyu a ɗaure mata, don da yawa da asuba ko da dare suke ba da magani, a ɗaki mai duhu.

Wani abin kuma. Yaron da aka samu da zazzaɓi ana ba iyayensa takarda su kai shi asibiti a yi gwaji. Wata uwa da shan inna ya kama tun tana ƙarama ta zo da nata a kan keken guragu, goye da yaron. Ƙofarmu matakala uku ce. Sai da ta sauka ta ja jiki ta hau, a gaban jama'a, ƙasa duk taɓo. Na ji kunya ƙwarai. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Na rubuta takarda sama, amma ba zan zauna jiran amsa ba. Wani magini ya ce buhun siminti uku da yashi za su isa a yi gangara. Na kai maganar kwamiti.

20 ga Agusta

Jita-jita ta tashi a wata unguwa. Wani yaro ya yi amai da kasala bayan shan magani, kafin dare labari ya zama wai ƙwayar tana hana haihuwa. Magidanta shida suka ce kada a ƙara shiga gidansu.

Na je zauren mai unguwa bayan isha'i, da limami a wurin. Na bar su suka amayar da abin da ke cikinsu. Wani dattijo ya ce, "Malama, mu ba yara ba ne. Mun san abin da aka yi a Kano." Yana nufin gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a 1996, abin da ya kai ga shari'a da biyan diyya. Na ce masa, "Baba, gaskiya ka faɗa, an yi." Ba na ganin amfanin musanta abin da ya faru, wanda ya musanta shi ya zubar da sauran maganarsa. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai 2004, cutar kuma ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shigo aikin da kansu aka samu kansa, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Na gaya musu abin da maganin nan yake iya jawowa: amai, ciwon ciki, kasala na ɗan lokaci, kuma duk yaron da ya yi ƙuraje a kawo shi nan take. Na ce su tambayi masu shagon magani, ƙwayoyin nan biyu an daɗe ana sayar da irinsu a kasuwa. Limamin ya ce jikokinsa uku suna sha, kuma zagaye mai zuwa a zaure za a ba su, kowa ya gani. Huɗu sun janye. Biyu suna nan kan bakansu, na ce a riƙa gaishe su, kada a yi musu gori.

Abin da wani ya faɗa a ƙarshe shi ya fi zauna mini. Ya ce kullum ana biyo su gida da abin da ba su roƙa ba, ranar da suka kai mara lafiya asibiti kuma sai a ce babu magani, a rubuta musu takarda. Ban da amsar da zan ba shi.

28 ga Agusta

Kangon bayan tasha. Iyalai ne daga Zamfara da yammacin Katsina da 'yan bindiga suka koro. Wani daga cikin masu rabo ya tambaye ni ko za a ƙirga su, tunda ba 'yan jiharmu ba ne kuma maganin da aka ba mu na lissafin mazaɓa ne. Na ce duk yaron da ya kwana a mazaɓar nan ranar rabo namu ne. Amma tambayarsa tana da tushe: adadin da ake turo mana daga hasashen ƙidayar 2006 ake fitar da shi, ba ya sanin wanda ya zo jiya. A zagaye na biyu sai da muka ranto fakiti daga mazaɓar maƙwabta. Na aika da sabon lissafi.

Masu aikin fadama kuwa, akwai Kiristoci a cikinsu daga kudancin Kaduna da Binuwai. Sanarwarmu a masallatai take tsayawa. Na je wurin faston ƙaramin cocin da ke bakin gari, ya karɓe ni da mutunci, ya ce zai faɗa ranar Lahadi da Hausa da Turanci. Ya ce wannan ne karon farko da aka kawo masa irin wannan saƙo.

Wajen Buzaye da Fulanin da ke ƙetarowa daga Nijar akwai abin lura. Can ma ana raba wannan magani da damina. Wata mata ta ciro mana kati da Faransanci daga cikin jakar fata, muka duba kwanan wata, ashe kwana tara ke nan da ɗanta ya sha. Da an sake ba shi, an ninka masa. Yanzu duk wanda ya zo daga tsallake sai a fara tambayarsa kati.

10 ga Satumba

Zagaye na uku ya wuce. Gidajen kurame bakwai duk an shiga. Matar nan ta murhu ta jira mu a ƙofa da katin a hannu, ta kuma ja mu gidan wata ƙawarta da ba ta cikin lissafin tela. An gama gangarar asibiti ranar Asabar, ta ɗan yi tsaye fiye da yadda nake so, sai an tura keke daga baya, amma ana hawa. An fara ba da lamba ranar awo.

Abin da ya gagara shi ne takardar ƙidaya. Tana da gurbin shekaru, da na jinsi, da na wanda aka tura asibiti. Babu inda za a nuna cewa gidan nan sai da tafinta, ko rugar nan sai da asuba. Duk abin da muka koya a wata uku yana cikin kaina da wannan littafi. In aka canja mini wurin aiki gobe, wanda ya gaje ni zai tarar da tsohuwar taswira. Don haka na fara zana sabuwa a babban kwali, kowane wuri da bayaninsa a gefe: wa ake fara gani, wane lokaci, wane yare. Kwafi ɗaya a asibiti, ɗaya wurin shugaban kwamiti.

'Yar ɗan'uwan Ardo har yau ba a biya ta na zagaye biyu ba, saboda ta banki ake biya, ita kuma ba ta da asusu, ba ta da katin ɗan ƙasa. Ba ta yi ƙorafi ba, ni ce abin ke ci. Na ba ta wani abu daga aljihuna, ranar Litinin kuma zan raka ta wurin rajista.

24 ga Satumba

Saura kwana goma zagaye na huɗu. Ardo ya aiko cewa biyu daga cikin rugagen za su tashi da zarar an fara yankan gero, za su yi kudu. Idan sun riga mu tashi, yaransu sun rasa na ƙarshe, a watan da zazzaɓi bai sauka ba. Ba a ba da maganin kafin kwana 28 su cika, saboda haka ba zan iya gaggauta musu ba. Na roƙe shi su ƙara kwana goma. Ya ce zai yi magana da masu garken, amma ciyawa ce ke yanke hukunci, ba shi ba. Ya faɗa mini burtalin da za su bi da inda suka saba yada zango. Na kira takwarata ta can na ba ta sunayen rugagen da yawan yaran, na kuma ce wa matan su riƙe katinsu a jiki, kada su sa shi cikin kayan da ake ɗora wa jaki.

Gobe da safe zan koma wurin magidantan nan biyu tare da limami. Daga can in wuce wurin tela, ya ce akwai wata kurma da ta haihu a watan Yuni, jaririn ya cika wata uku, yana son a sa shi cikin lissafi.